Gugana da Maɓallan Tela

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, ko na yini ɗaya, amma rijiya tamanin da bakwai na haƙa da hannun nan, kuma har yau babu wadda ta ƙafe sai biyu, su ma masu gidan ne suka ƙi yashewa. Sau biyu ƙasa tana rufta mini ina can ƙasan rami, ana tono ni ina zagin masu tonon don sun yi nawa. Mota ta taɓa kifewa da mu, mu goma sha ɗaya, ni kaɗai na fito da ƙafata. Shi ya sa 'yan unguwa suke kirana Ƙi-mutu, ni kuwa ban taɓa hana su ba.

Da hawan jini ya kayar da ni a tsakar gida, ɓarin hagu ya shanye, an ce ba zan sake tashi ba. Wata huɗu na tashi. Ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannun ne kawai ya tsaya yana mini gardama.

A asibiti akwai wata likita mai bincike, 'yar siririya, ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba. Ita da yaranta suna son haɗa wani tsarin motsa hannu da masu irin ciwonmu za su riƙa yi a gida, tunda ba kowa ke iya zuwa wurin masu gashin ƙashi kullum ba. Ta ce ba ta son su zauna a ofis su yanke mana, gara su ji daga bakinmu. Sai ta tara mu, mu tara, kowace Laraba da safe, a wani ɗaki kusa da inda ake ɗaukar hoton ƙirji. Kujerun roba, farin allo a bango, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Mataimakinta, wani dogo mai tabarau, shi ke riƙe da littafi yana rubutu.

A nan na haɗu da Tela.

Shi ma an ce ɓarin jikinsa ya shanye, amma wallahi nasa ciwon na wasa ne, ko mako biyu bai yi a kwance ba. Ya ɗan yi firamare, saboda haka biro ba ya barin aljihunsa, kuma duk abin da Likita ta faɗa sai ya gyaɗa kai kafin ta ƙarasa, kamar tare suka yi karatun. In ya buɗe baki, Mai tabarau ya duƙa yana rubutu. In ni na buɗe, sai ya ce, "To Baba, mun ji."

Da fari ɗan littafi suka ba mu mai hotuna. Rabinmu ba ma karatu, nawa ma matata, tsohuwa nake ce mata, ta mayar da shi mafici. Suka kawo ƙwallon roba a riƙa matsawa, jikoki suka kwashe su tas cikin mako guda. Rannan Likita ta ajiye alƙalaminta ta ce, "To iyayena, ku ne kuke cikin gidajen. Me kuke da shi wanda yara ba za su ɗauke ba?"

Na miƙe. Na ce, "Likita, hannu ba ya ƙarfi da matsa roba. Guga ke gina hannu. A samu igiya kamu shida, a ratsa ta kan ƙarfe ko reshe, a ɗaura ƙaramin bokiti. Makon farko kofi ɗaya na ruwa, mako na biyu kofi uku, a yi ta ƙarawa. Hannu mai lafiya ya taimaka wa mara lafiya, su ja tare har sama. Shekara arba'in da shi na ci abinci."

Ranar Mai tabarau ya cika shafi guda da maganata, ina kallonsa. Tela kuwa ya ce, "Sarkin haƙa, mu da ke haya a bene, a ina za mu rataya? A wuyan mai gida?" Aka yi dariya. Na ce, "Kai ai allura ma nauyi take maka, Mai zare." Aka sake yin dariya, tawa ta fi tasa ƙarfi, kowa ya shaida.

Mu shida muka gwada. Kowace Laraba Mai tabarau zai bi mu ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa: "Kofi nawa?" Ka faɗa, ya rubuta. "Ba matsala ko?" Ka ce babu, ya wuce.

A mako na huɗu, ina kan kofi bakwai, ban ƙara ko ɗigo a kan abin da aka tsara ba, na ja igiya hannu ya kai sama, sai na ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗata ta hagu. Zafin da na ji ko ranar da ƙasa ta danne ni ban ji irinsa ba. Na zauna a bakin ƙofa har gumi ya tsane. Tsohuwa ta tambaya, na ce sanyi ne.

Laraba ta zo. "Baba, kofi nawa?" Tela yana zaune a gefena, kunne a buɗe. Na ce tara. "Ba matsala ko?" Ni Ƙi-mutu, dabarar tawa, a gaban Tela? Na ce, "Matsalar me?"

A makon ne wata mata daga cikinmu, mai ɗan shagon kayan masarufi, ta daina zuwa. Mai tabarau ya ja layi a kan sunanta, shi ke nan. Bayan kamar wata guda na gan ta a tashar mota, ta rataye hannun a wuya da ɗankwali. Na ce lafiya? Ta ce, "Bokitin nan naka ne ya yi mini haka, Baba. Kunya ce ta hana ni komawa, kada a ce na kasa." Na ce Allah ya sawwaƙe, na shige motar da ba tawa ba don kada ta ƙara magana.

Gugan dai aka ajiye shi, amma ba don wannan ba. Huɗu daga cikin mu shida haya suke, masu gidajen sun hana buga ƙarfe a bango. Abin da aka rubuta ke nan: ba wurin ratayawa. Sai Tela ya zo da wani tsumma mai tsawon kamu guda, ya ɗinka maɓallai takwas a jiki, daga mai faɗin murfin kwalba har zuwa ƙaramin na wuyan riga. Ka ɓalle, ka saka, ka matsa na gaba. Abin yara. Amma Likita ta riƙe tsumman nan kamar an ba ta zinariya. Suka gwada da mutum sittin, wai yatsu sun saki, wai mata sun koma ɗaura zani da kansu. Ko'ina a asibitin sai ka ji maɓallan Tela, maɓallan Tela. Har mai gadin ƙofa ya fara tashi tsaye in ya shigo.

Da suka gama rubuta rahotonsu, Likita ta karanta mana tana fassarawa. Shafi goma sha biyu. Wata takwas ɗin da muka yi muna zuwa ƙarƙashin fankar nan, layi ɗaya aka ba shi: an tuntuɓi majinyata. A can ƙarshe kuma aka gode wa wani tela da ya ɗinka kayan. Littafi babu, ƙwallo babu, guga babu. Na dawo gida ban ci abinci ba.

Tsohuwa ta ce, "Kai da ba ka karatu, ko sun rubuta ka ina za ka gani?"

Na ce, "Shi Telan da suka rubuta, ai na ji."

Bayan wata uku aka sake kiranmu. Likita ta ce masu mujallar da suka aika wa sun dawo da rahoton. Yanzu akwai sabuwar ƙa'ida: ba a yarda ka ce ga abin da muka haɗa, yana aiki. Sai ka faɗi yadda aka yi aka kai gare shi. Me aka fara gwadawa, wa ya kawo shawarar, mutum nawa suka gwada, me aka watsar, kuma don me.

Tela ya ce, "Likita, abin da aka watsar kuma, me za a yi da shi?"

Ta ce, "Kawu, wani likita a wani gari zai zauna gobe ya yi tunanin ƙwallon roba, ya sayo ɗari biyar, bai san jikokinku sun riga sun ba mu amsa ba. Mun rubuta inda muka isa, ba mu rubuta hanyar ba. Laifinmu ne."

Ta ja layuka a allo, gida-gida. Littafin Mai tabarau bai taimaka sosai ba, don abin da aka yanke kawai ya riƙa rubutawa, saboda haka daga kawunanmu aka riƙa ciko. Aka zo kan guga. Wa ya kawo? Na ce ni, mai haƙar rijiya, a sa tamanin da bakwai. Ta yi dariya ta sa. Don me aka bari? Mai tabarau ya duba littafi ya ce ba wurin ratayawa. Ta rubuta. Na bar shi a haka, kafaɗa tana mini zugi a cikin riga.

Mako biyu bayan nan ta tare ni a baranda da fara'a. Ta ce ta nuna wa wani abokin aikinta jadawalin nan da ta zana a allo, likita ne a wani asibiti can wajen gari. Mutanensa duk suna da tsakar gida da itatuwa, wurin ratayawa ba matsala ba ne a wurinsu, maɓallai da tela ne ma suke musu wuya. Yana so ya fara guga da mutum ɗari biyu. Zai zo Laraba mai zuwa ya gan ni da idonsa, kuma dabarar mai rijiya zai kira abin.

Mutum ɗari biyu! Tela da sittin ɗinsa. Ban san lokacin da na isa gida ba. Na faɗa wa tsohuwa, na faɗa wa maƙwabta, na faɗa wa mai gyaran rediyo na bakin layi wanda ko gaisawa ba ma yi. Matar tashar mota takan faɗo mini a rai, sai in ce ai ita mace ce, ƙashinta ba ƙwari. Tawa kafaɗar kuma in ce tsufa ne.

Na ce ranar nan sai da sabuwar riga. Kuma da gangan na ɗauki yadin na kai wa Tela, don ya ɗinka da hannunsa rigar da zan sa a ɗaukaka ni a gabansa.

Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, keke biyu, tsummoki har gwiwa, madubi mai tsaga a kusurwa. Ya ce, "A'a, Sarkin haƙa da kansa! Yau rijiya ta zo wurin allura."

Na ce, "Ka auna ni da kyau. Baƙo zan tara, likita, takanas saboda ni."

"Na ji labari. Juya."

Ya ɗora tef a bayan wuyana, ya ja zuwa dama, ya ja zuwa hagu. Sai ya tsaya. Ya sake ja. Ya sa yatsa biyu a saman kafaɗar hagu, suka shige cikin wani rami da ni kaina ban yarda in taɓa ba. Na cije haƙori.

Ya ce, "Ta sauka da yatsa biyu."

"Ciwon ne. Kowa ya san ɓarin nan ya shanye."

"Ni ma nawa ya shanye, Yaya. Lokacin da muka fara zama, kafaɗunka daidai suke. Idon tela ba ya wuce kafaɗa. Tun makon da ka ce kofi tara na ga ka daina ɗora hannun a kan kujera."

Ban taɓa jin ya ce mini Yaya ba sai ranar. Na ce, "To sai ka je ka faɗa. Dama abin da kake jira ke nan."

Ya naɗe tef ɗinsa a hankali. "Da ina so in faɗa, da na faɗa tun bara. Zan sa maka soso a ciki, rigar za ta zauna daidai, ba wanda zai gani. Sirrinka ne. Amma mutum ɗari biyu ba wasa ba ne. In Likita ta dube ni ta tambaya, ba zan yi mata ƙarya ba."

Na fito ban yi masa sallama ba.

Zan so in ce mutum ɗari biyun nan ne suka hana ni sukuni. Sun ɗan hana ni, ba zan musa ba. Amma abin da ya fi cina shi ne allon nan. Na riƙa ganinsa a idona: Likita ta ƙara gida ɗaya, ta rubuta, wanda ya gano illar guga, Tela. Maɓalli nasa, godiya tasa, yanzu kuma har kafaɗata za ta zama tasa? Ga shi shekara guda yana rufa mini asiri ban sani ba, ina zaginsa yana kallon kafaɗata yana shiru. Wannan ma ya fi komai ƙona mini rai. Mutum ya fi ka a allo, ya kuma fi ka a hali.

Tsohuwa ta gan ni ina juyi a kan tabarma da rana tsaka. Ta ce, "Sanyin nan naka na bara ne ya motsa?"

Na ce, "Ke kuma me kika sani?"

"Ni ke cire maka riga kullum, malam. Igiyar ma ni na kwance ta, ka yi kamar ba ka gani ba."

Ashe duk duniya ta sani, Likita ce kawai ba ta sani ba, ita da littafinta.

Laraba na sa tsohuwar rigata na tafi. Baƙon yana nan, wani kakkaura mai furfura a gemu, ya kama hannuna da hannu biyu yana ce mini Baba mai rijiya. Likita ta ce in nuna masa yadda ake ja. An ma ratayo igiya a ƙarfen taga, da bokiti. Tela yana kujerarsa, rigata sabuwa a leda a kan cinyarsa, idonsa a ƙasa.

Na ce wa Mai tabarau, "Ɗana, buɗe littafinka. Yau kada ka ce mini mun ji. Rubuta."

Na ce wa na kusa da ni ya taya ni cire riga. Na juya musu baya.

"Wannan ramin da kuke gani, guga ne. Mako na huɗu, kofi bakwai, ban ƙara ba, ban rage ba. Kofi taran da na faɗa ƙarya ce, daga ranar ban sake taɓa igiya ba. Matar nan mai shago da kuka ja wa layi, ita ma shi ne, ku je ku tambaye ta. Kuma ku rubuta cewa ni na faɗa. Ni na kawo shi, ni na gano illarsa, da kafaɗata. Ba wani ba."

Baƙon ya matso ya taɓa wurin, ya ɗaga hannun kaɗan, na yi ƙara ban shirya ba. Ya dubi Likita, ya girgiza kai.

Likita ta ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

Na ce, "Wa ya tambaye ni? Kofi nawa, kofi nawa. Sannan ba matsala ko, a gaban mutum takwas, ga wannan yana zaune." Na nuna Tela. "Ke in ke ce, za ki ce akwai?"

Sai ta je allo, ta goge inda aka rubuta ba wurin ratayawa, ta tsaya da alƙalami a hannu. Ta ce wa Mai tabarau, "Wannan ma za mu rubuta. Cewa a gaban juna muka riƙa tambayarsu, ba mu ware kowa shi kaɗai ba. Cewa ba mu ware gidan rubuta ciwo a takardar ba. Cewa mace ta daina zuwa ba mu bi ta ba." Mai tabarau ya ce, "Likita, wannan ai tona wa kanmu asiri ne." Ta ce, "Baba ya cire riga a gaban mutane. Rubuta."

Baƙon ya kwance igiyar da kansa, ya naɗe. Mutum ɗari biyuna suka tafi a cikin jakarsa. Da zai fita ya tambayi Tela ko zai iya koya wa telolin garinsu ɗinkin maɓallan. A gabana.

A ranar aka kai ni ɗakin hoto, aka ɗaure mini hannun da wani maɗauri, aka sa ni layin masu gashi. Matar shagon ma sun nemo ta, tata ta fi tawa sauƙi. Rigar kuwa na karɓa, na sa Tela ya farke soson. Ya ce, "Za ta karkace fa." Na ce ta karkace, kafaɗar tawa ce.

Da mujallar ta karɓi rahoton, na ce a buga mini a takarda. Na sa Mai tabarau ya nuna mini inda maganar guga ta fara da inda ta ƙare, na auna. Taƙi biyu da yatsa uku. Na ce nuna mini na maɓalli. Taƙi huɗu, har da hoto. Na ce wa Likita wannan ba adalci ba ne, shi tsumma ya kawo, ni kafaɗa na bayar. Ta ce ai nawa ne aka kewaye da layi don kada mai karatu ya tsallake, kuma likitoci uku sun riga sun rubuto mata a kan wurin, ɗaya ma yana shirin irin wannan da igiya ya fasa. Na ce su ukun sun san rijiya tamanin da bakwai ne? Ta ce yana ciki. Na sa ta karanta mini wurin sau biyu, Tela yana ji.

Maɓallan nasa kuwa ina yi, tunda Likita ta ce in yi, kuma ba ya taɓa kafaɗa. Na kai na shida, jiya ma da kaina na saka na wuyan rigata. Amma ramin na huɗu ya matse, ɗinkin ya karkace, yana cin gefen babban yatsa. Ranar Laraba zan faɗa, a rubuta.